Uba a Zaure, Ɗa a Cikin Gida

Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san kuka iri biyu ne. Akwai na wadda ke shigowa tun daga ƙofar gida da salati da kururuwa, mayafi a hannu, sai an rirriƙe ta. In ka bincika, sau da yawa maƙwabciya ce ko 'yar'uwa ta nesa, kuma kafin la'asar za ka jiyo muryarta a madafa tana faɗan an cika wa abincin sadaka gishiri. Akwai kuma na uwar mamacin, wadda ke zaune a kusurwar ɗaki bisa tabarma. A ce mata "ya haƙuri?" ta ce "da godiya", ba ta ƙara ko kalma ɗaya. Ta farko tukunya ce a buɗe, tana ta ɓararraka, tururinta na bin iska. Ta biyu madambaci ce da aka liƙe bakinta: ba ka jin motsi, amma abin da ke ciki dahuwa yake yi.

Waƙar da zan ba ku labarinta irin ta biyun ce. Sunanta Tears in Heaven, wato hawaye a Aljanna, ta wani Bature ɗan Ingila, Eric Clapton, wanda a wajen kaɗa jita mutanensa ke sa shi a sahun gaba. Ta fito a farkon 1992. Ko da ba ka jin Turanci, in aka kunna maka ita za ka gane ba ta biki ba ce. Amma kukan kurciya jawabi ne, kuma wannan jawabin ba ya fahimtuwa sai an san abin da ya faru.

Ranar 20 ga Maris 1991, a birnin New York na Amurka, ɗansa Conor, yaro ɗan shekara huɗu da rabi, ya faɗo ta taga daga hawa na 53. Mu da benen mai kuɗin unguwarmu bai wuce hawa biyu ba, lissafin nan ba ya shiga kai da sauƙi. To ɗauki ɗakinka, ka ɗora wani a kansa, ka sake ɗora wani, ka yi ta yi har sau hamsin da 'yan kai, har sai motocin da ke ƙasa sun koma kamar kiyashi. Tagar kuma ba irin tamu ba ce, 'yar ƙarama can kusa da rufi da sandunan ƙarfe. Ƙaton gilashi ne mai kusan girman ƙofa, ya sauko ƙasa-ƙasa. Mai aikin share-share ya goge shi, ya bar shi a buɗe, yaro kuma yana guje-guje irin na yara.

Rijiya ce, ba wani abu ba. Rijiya ce aka kifa ta, bakinta a sama zurfinta a waje. Mun san labarin sarai: an ja ruwa, an tafi juye guga da niyyar a dawo yanzun nan a rufe, sai kawai a nemi yaro a rasa. Babu mugu a cikin labarin, shi ya sa ya fi ciwo. Da ɓarawo ne da an kama shi, da maye ne da an yi masa ihu. Amma murfin da aka manta, wa za ka kai ƙara?

Sai dai in mutum ya ce waƙar ta mutuwar yaro ce kawai, ya sha romo ya bar naman. Clapton bai zauna da yaron nan sosai ba. A hannun uwarsa ya tashi, wata 'yar fim ta ƙasar Italiya, Lory Del Santo. Uban yana can yana yawon duniya da jitarsa, yana kuma fama da giya, abin da shi da bakinsa ya sha faɗa. Sai a 1987 ya ajiye kwalba, kuma haihuwar yaron na cikin abin da ya tura shi. Daren da gobe abin zai faru, ya ɗauki Conor ya kai shi kallon wasan dabbobi da 'yan dabo, irin na masu wasa da kura a kasuwanninmu amma a cikin ƙaton ɗakin wasanni, har da giwaye. Wannan ne karo na farko da suka fita su biyu kaɗai, uba da ɗa. Washegari da safe yana shirin zuwa ya sake ɗaukarsa aka bugo masa waya.

Kun ga ke nan mutum ne da ya daɗe ana binsa bashi, ya yi ta kewaye layin mai kanti, sai ranar da ya haɗa kuɗi ya biya kason farko, ya ce gobe zan kawo saura, ya dawo ya tarar an rufe kantin, mai shi ya yi ƙaura. Kuɗin na aljihunsa, sun yi masa nauyi, babu wanda zai miƙa wa. Wannan bashin shi ne cikin waƙar.

Shi ya sa ba ta buɗe da kuka ba, da tambaya ta buɗe. Uban yana son ya ji, in an haɗu a can, ko yaron zai gane shi, ko zai iya kiransa. Ku dubi ɗan ci-rani da ya tafi Ikko ko Kumasi ya bar jariri a goye, ya dawo bayan damina huɗu da tsaraba niƙi-niƙi. Ya durƙusa ya buɗe hannu, yaro ya dube shi sama da ƙasa, ya ruga ya ɓuya a bayan zanen uwarsa. Mata su yi dariya su ce "Babanka ne fa!" Shi ma ya yi dariyar, amma ku kalli idonsa. Uban da ya goyi ɗansa a kafaɗa kullum ba zai yi wannan tambaya ba, ya san amsarta. Wanda bai tabbata ba ne ke yi. Kuma akwai wani tsohon miki a ƙarƙashi: Clapton kansa, da aka haifa a ƙauyen Ripley a 1945, bai taɓa ganin ubansa ba, wani sojan Kanada da ya koma ƙasarsu. Kakanninsa ne suka rene shi, ya tashi yana ɗaukar uwarsa a matsayin yayarsa, sai da ya kai wajen shekara tara gaskiya ta fito. Wanda ya girma bai san fuskar ubansa ba, ya san daidai yadda yaro ke iya rashin sanin uba. A ƙauyen nan na Ripley aka binne Conor.

A nan mu da su muka sha bamban, kuma bambancin abin lura ne. Bahaushe na da alkunya: ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, in ya rasu ma sai ka ga uban ya fi kowa dakewa, shi ke ba masu ta'aziyya haƙuri. Baturen nan kuwa ya hau dandamali a gaban duniya yana roƙon ɗansa ya san shi. Wani zai ce rashin kunya ne. Ni ban ga haka ba. Tuwon ɗaya ne, mu mun rufe namu da faifai, shi ya bar nasa a buɗe. Da za a ɗaga faifan dattijai da yawa da ke jan carbi a zaure, irin wannan tambayar za a tarar.

Can gaba sai waƙar ta juya abin da aka saba. A duniya uba ke riƙe hannun yaro su tsallaka titi. A nan uban ne ke fatan yaro ya kama nasa hannun, ya tallafe shi ya miƙe. Makaho da ɗan jagora ke nan. Wa ya girmi wani? Makahon. Wa ya san hanya? Yaron da ke riƙe da bakin sanda. Wanda ya riga ka zuwa gari ya zama ɗan gari, ko da jiya aka yaye shi, kai kuwa baƙo ne ko da furfura ta cika maka kai. Wannan ba baƙon tunani ba ne a kunnenmu. Abin da malamai ke rarrashin iyaye da shi ke nan in ƙaramin yaro ya rasu, cewa ya riga su ne ya jira su, kuma ana fatan ya zame musu mai ceto. Mawaƙin ba daga wannan karatun ya fito ba, amma zuciyar wanda aka yi wa rashi duk inda take hanya ɗaya take lalube.

Wurin da masu fassara suka fi kai ruwa rana shi ne inda uban ke cewa shi ba ɗan can ba ne, dole ya daure ya ci gaba da zama a nan. Wasu sun ce nufinsa lokacinsa bai yi ba. Kamar fasinja a tasha: motar ɗansa ta cika ta tashi, tasa kuwa saura mutum uku, ko ya yi kuka ko ya yi faɗa da ɗan kamasho ba za ta motsa ba sai ta cika. Wasu kuma sun ce a'a, yana ganin bai cancanta ba ne, mutumin da ya kwashe shekaru cikin maye ina shi ina wurin da ake ajiye yara marasa zunubi.

Ni dai na fi ganin abin a zaure. Waƙar ma da kanta ta ambaci wata ƙofa, da kwanciyar hankalin da ke bayanta. Kun san gidan da aka rubuta wa "ba shiga". Namiji baligi ya zo, iyakarsa zaure. Ya yi sallama, ya samu yaro ya ce "shiga ka ce ana sallama da mai gida." Yaro ya ɗaga labulen buhu ya shige abinsa, don shi ba a yi masa shamaki. Babban kuwa yana tsaye, yana jiyo ƙarar turmi da dariyar mata da ƙamshin miya, ya san lafiya lau ake a ciki, amma ƙafarsa ba ta wuce dokin ƙofa. Yana jira yaro ya fito da amsa. To a waƙar nan yaron ya shiga bai fito ba. Kuma ku lura, abu biyu ke tsayar da mutum a zaure: ba a yi masa izini ba tukuna, kuma shi kansa ya san girmansa ne ya hana shi. Fassarorin nan biyu da ake jayayya a kansu duk suna tsaye a zaure ɗaya. Ban ga dalilin da zai sa a kori ɗaya ba.

A tsakiya akwai ɗan guntun da ya yi maganar lokaci, kuma bai yi masa kara ba. Mu kan ce wa mai makoki "a hankali za ka manta." Waƙar ta ce ina, lokaci durƙusar da mutum yake yi. Tambayi jaki. Mangalar da aka ɗora masa da hantsi ba ta raguwa don rana ta yi tsakiya, ƙafafunsa ne ke fara rawa. Abin da kawai ke faruwa shi ne bayansa ya yi kanta, har ya daina jin gogar igiya. Wannan guntun, da yawancin baitocin da suka biyo na farko, aikin wani marubucin waƙa ne Ba'amurke, Will Jennings, wanda daga baya ya rubuta kalmomin waƙar fim ɗin Titanic. Clapton ya zo masa da baitin farko ya ce ya ƙarasa. Jennings ya so ya zame, ya ce abu irin wannan mai shi ya kamata ya rubuta da hannunsa, amma Clapton ya nace. Kada wannan ya rage mata daraja a idonku. Mai mamaci ba ya haƙa kabari da kansa, maƙwabta ke karɓar masa diga, kuma ba wanda ya taɓa cewa don haka gawar ba tasa ba ce.

Wani abin mamaki ma, waƙar aikin haya ce tun asali. An ba Clapton kwangilar kiɗan wani fim mai suna Rush, na 1991, labarin 'yan sandan ciki biyu da suka shiga cikin dillalan ƙwaya don su kama su, ƙwayar ta kama su. A cikin wannan fim waƙar ta fara fitowa. Ka taɓa ganin matar da aka ɓata wa rai ta tashi ta hau hura wuta da ɗanyen itace? A tambaye ta hawayen mene ne, ta ce hayaƙi. Fim ɗin ne hayaƙin. Ya ba mutumin inda zai fake ya zubar da abin da ke idonsa. Kuma rashin bai zo shi kaɗai ba: wata bakwai kafin nan, a Agustan 1990, jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a jihar Wisconsin bayan wani wasa da suka yi, ya kashe abokin sana'arsa Stevie Ray Vaughan da mutum uku na tawagar Clapton. Bayan jana'izar yaron sai ya tattara ya tafi tsibirin Antigua, ya kama ɗan gida, daga shi sai wata ƙaramar jita mai tsirkiyar roba da sauro, ya yi ta kaɗawa wata da watanni. Bai koma wa kwalba ba. A tsibirin nan ne daga baya, a 1998, ya buɗe gidan jinyar masu fama da shaye-shaye.

Yanzu ga kiɗan kansa, don rabin maganar a can take. Turawa sun raba sautin kiɗansu gida biyu, mai haske da mai duhu. Na biki da na yara yawanci a mai haske ake yinsu, na baƙin ciki a mai duhu. Wannan waƙa, duk da abin da ta ɗauko, a gida mai haske aka gina ta. In ka cire muryar, sai ka rantse ta lallashin jariri ce. Ai kuwa ita ce, uba ne ke yi wa ɗansa waƙar barci a makare. Amma kasa kunne ga tsirkiya mai kauri, wadda ke can ƙasa. Sauka take yi, taki ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zura guga yana sakin igiya kamu-kamu. Sama na murmushi, ƙasa na nitsewa. Haka fuskar mai karɓar gaisuwa take a ranar sadakar uku: baki na cewa "mun gode, Allah ya ba da lada," gwiwa na neman ƙasa.

Kuma bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Mutumin da aka sani da sa jitar lantarki ta yi kururuwa har filin ƙwallo ya amsa, ga shi yana taɓa tsirkiya da yatsu kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Da ta zo ƙarshe kuma, sai ta koma kan tambayar da ta fara da ita, ba amsa. Masu son a ƙulle musu labari kamar bakin buhu ba sa jin daɗin wannan. Amma wa ya taɓa dawowa daga maƙabarta da amsa?

To me ya sa wanda bai san Conor ba, bai taɓa hawa bene ba, zai ji ta ya share ido, gobe kuma ya sake kunnawa? Goro ne. Ba wanda ya ce maka goro zaƙi gare shi. Ka ɓantara, ɗaci ya cika maka baki, ka kurɓi ruwa a kai, sai ruwan ya yi wani garɗi da ba shi da shi ɗazu. Kuma waƙar ba ta ambaci sunan yaron ba, ba ta ambaci taga ko bene ba. Riga ce aka ɗinka ba a auna kowa ba, sai ta shiga kowa: wadda ta rasa miji, wanda ya rasa uwa, wanda amininsa ya tafi suna cikin gaba. Kowa ya zura nasa mamacin a ciki. Na san a cikin masu karatu akwai waɗanda kiɗa gaba ɗaya ba ya cikin tsarinsu, kuma ba jayayya na zo yi ba. Amma hawayen uba a kan ɗa ba wanda ya hana shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufa da faɗin abin da bai dace ba. Marsiyya kuwa tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan, Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837.

Sai maganar kasuwa, don ba a rasa masu cewa ya sayar da hawayensa. Gaskiya ne waƙar ta yi ciniki. Ta kai mataki na biyu a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Amurka, faifan Unplugged da ta sake fitowa a ciki ya sayu miliyoyi barkatai, kuma a bikin kyautar Grammy na 1993 Clapton ya kwashi shida, uku daga ciki na wannan waƙa ce. Amma maƙeri in ɗansa ya rasu, da me zai yi juyayi in ba da guduma ba? Kowa da abin hannunsa yake kuka. Ya kuma ba da fuskarsa da muryarsa ga tallan faɗakar da iyaye a kan sa wa tagogi da matakala kariya saboda yara, wato dai a rufe rijiya.

Abin da ya fi gamsar da ni cewa ba ciniki ne ya sa shi ba, shi ne abin da ya yi a 2004. Ya daina rera ta. Dalilin da ya bayar shi ne zafin rashin ya lafa, rayuwarsa ta sake, kuma ba ya son ya riƙa tono ciwon da gangan don a tafa masa. Mai kayan da ke tsakiyar ciniki ba ya naɗe tabarmarsa, sai in tun farko ba don riba ya baza ba. Maroƙi na iya yi maka kirari ɗaya sau ɗari da murya ɗaya, don ba daga cikinsa yake fitowa ba. Wannan kuwa da madambacin ya huce, sai ya sauke shi daga wuta. Sai a 2013 ya dawo da ita cikin wasanninsa, da ɗan sauƙin kiɗa, kamar mai ba da labarin tabo ba mai nuna ɗanyen rauni ba.

In za ka saurare ta, nemi wadda ya rera a zaune, da jitar katako, a gaban 'yan kallo kaɗan a ɗakin ɗaukar shiri na Bray da ke Ingila, a watan Janairun 1992, wata goma bayan rasuwar. Ba ta kai minti biyar ba. Kada ka kunna ta a cikin hayaniyar shago, kuma kada ka tura wa wanda makokinsa bai kai arba'in ba.